Sahihi da Batili Game da Hoton PET-CT a Cutar Mesoteliyoma

Mesoteliyoma sankara ce mai kama tantanin da ya lulluɓe huhu, wadda tun 1960 Likita Wagner ya nuna alaƙarta da ƙurar asbestos a Afirka ta Kudu, kuma takan yi kwanton shekara 20 zuwa 50, har ya zamana maginin da ya yanka kwanon asbestos yana saurayi sai ya yi furfura numfashi zai fara gagararsa. Tun da aka fara ɗaukar irin waɗannan majinyata hoton PET-CT, na'urar da aka soma gwadawa a Jami'ar Pitsbag ta Amurka a 1998, maganganu suka yawaita, wajibi ne kuwa a rarrabe su.

Kafin a ɗauki hoton, majinyaci yakan ƙaurace wa abinci kamar awa 6, a yi masa allurar wani sukari mai fitar da tururin da na'ura ke gani, ya kwanta shiru awa guda. Sa'an nan CT ya zana surar ƙirji, PET ya haskaka inda aka fi cin sukarin. Ƙaulin da ke cewa hoton yana gano cutar da ta tsallaka zuwa ƙashi ko hanta, har ya kuɓutar da bawan Allah daga babban aikin tiyata marar fa'ida, sahihi ne, kuma wannan rahama ce babba.

Amma cewa duk inda ya haskaka sankara ce, batili ne, domin na'urar tana ganin inda ake cin sukari ne, ba ta san mai cinsa ba. Tarin fuka yana haskawa, mu kuwa da yake ya yawaita a ƙasarmu mun fi kowa bukatar lura da haka. Hodar da likitoci ke zubawa a ƙirji don hana ruwa taruwa ita ma takan yi shekaru tana haskawa, alhali ba cuta. Haka nan rashin haske ba ya wanke mutum, tun da sankarar da ba ta yi kauri ba takan ɓuya. Yaƙini ba ya samuwa sai an yanko tsoka an duba ta, ina kuwa roƙon dangi kada su hana a yi, don tsoron wuƙa.

Masu zaton hoton magani ne sun yi kuskure, haka masu cewa tururin yana zaune a jiki har abada, domin rabin ƙarfinsa kan gushe cikin minti 110, washegari kuwa ba sauran abin a zo a gani.