Zuƙar iska a murhun itace mai dogon bututun hayaƙi: bayani da zaɓen kalmomi

A ƙasashe masu tsananin hunturu, kamar Kanada da gabashin Faransa, akan girka babban murhun itace a ɗakin ƙarƙashin ƙasa domin ɗumama gida baki ɗaya, bututun hayaƙinsa kuma ya ratsa hawa biyu ko uku kafin ya ɓulla ta rufi. Ƙarfin da ke shigo da iska cikin irin wannan murhu, ya kuma fitar da hayaƙi, shi ake kira « tirage » da Faransanci. Fassarar da ta fi saurin zuwa baki ita ce « jan iska ». Mu dai mun fi son « zuƙa ». Fi'ilin « ja » yana sa a zaci akwai wani abu a sama mai jawowa, alhali babu. Wanda ya zuƙi numfashi kuwa ƙirjinsa ne ke buɗewa, matsin ciki ya ragu, iskar waje ta kutsa da kanta. Abin da ke faruwa a bututu ke nan.

Hayaƙi mai zafi bai kai iska mai sanyi nauyi ba. A digiri 0, mita kubik ɗaya na iska yana da nauyin kilo 1,29. A digiri 200 nauyin yana sauka zuwa wajen kilo 0,75. Wannan bambanci yana haifar da matsi na kimanin paskal 5 a kowace mita ta tsawon bututu. Watau bututu mai mita 10 yana iya ba da fiye da paskal 50 a lissafi. In sanyin waje ya kai digiri 20 ƙasa da sifiri, adadin yana haura 60. A zafin digiri 40 irin na watan Afrilu a Tawa ba zai kai 40 ba. A aikace gugar bango da lanƙwasar bututu da hucewar hayaƙi suna cinye wani kaso, amma abin da ya saura yana da yawa, domin galibin masu ƙera murhu a Turai suna neman paskal 10 zuwa 20 ne kawai.

Saboda haka matsalar dogon bututu ta yawa ce, ba ta ƙaranci ba. Maƙeran da suka gina dogayen tanderun narka tama a Tiwega da Kindibo, a Burkina Faso, waɗanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2019, wannan yawan suke nema: tsawo ne ya maye musu gurbin zugazugi. Mai ɗumama gida akasin haka yake so. In zuƙa ta yi yawa, wuta takan yi ruri, itacen da ya kamata ya kwana yana ci ya ƙare cikin ƴan sa'o'i, zafin ya bi bututu ya tafi, ƙarfen murhu ya yi ja har ya lanƙwashe ko ya tsage.

Aiki na farko shi ne awo. Ana huda ƙaramar kafa a bututun da ya haɗa murhu da babban bututu, a sa ma'aunin matsi. Siririyar roba mai ruwa da aka lanƙwasa kamar harafin U ma tana ba da kimani, tunda milimita ɗaya na ruwa kusan paskal 10 ne. A yi awon bayan wuta ta kama sosai, a rana mai sanyi. Awon da aka yi da bututu mai sanyi yaudara ne: dogon bututu, musamman wanda ya bi bayan bango ta waje, yakan ƙi zuƙa a farkon kunnawa, hayaƙi ya dawo ɗaki, sannan ya wuce kima da ya yi zafi. Maganin wannan shi ne bututu mai rufin hana hucewa, mai faɗi daidai da bakin murhu. Yanke tsawo ba kasafai yake yiwuwa ba. A Faransa dokar 22 ga Oktoba 1969 ta ce bakin bututu ya zarce tsinin rufi da santimita 40.

Na'urori biyu ake rage zuƙa da su. Ta farko, « clé de tirage », faifan ƙarfe ne a cikin bututu wanda ake juyawa da hannu. A ganinmu kada a ce mata « makulli », domin abin da bai kamata a yi da ita ba ke nan: in aka toshe hanya gaba ɗaya, iskar guba marar wari, watau monokisid na kabon, takan taru a ɗaki ta yi kisa. Muna ba da shawarar « maragi », bisa tsarin sunan kayan aiki na ma-...-i, kamar « mabuɗi » da « magirbi ». Aibinta shi ne ba ta bin sauyin yanayi sai an tsaya a kanta.

Ta biyu, « modérateur de tirage », ƙaramin ƙyaure ne mai ma'aunin nauyi a gefen bututu. In zuƙa ta zarce adadin da aka saita, sai ya buɗe da kansa, iskar ɗaki ta shiga bututu, abin da ke ratsa wuta ya ragu. « Madaidaici » ya riga ya sami wata ma'ana a harshe, don haka « ƙyauren daidaitawa » ya fi. Shi ma yana da farashinsa. Iskar da yake shigarwa tana sanyaya hayaƙi, hayaƙi mai sanyi kuwa yana barin dauɗa mai danƙo kamar kwalta a jikin bututu, wadda ta fi kunkunniya haɗari saboda tana kama wuta. In ta kama, ƙyauren nan zai ƙara mata iska. Shi ya sa wanda ya sa shi dole ya ƙona busasshen itace, wanda damshinsa bai wuce kashi 20 cikin ɗari ba, ya kuma riƙa share bututu. Wasu masu ƙera murhu suna wajabta shi, wasu suna hana shi, don haka sai a duba takardar murhun kafin a huda bututu.