Layin dogon Hijaz: Jirgin da ya kai Madina amma bai isa Makka ba

Kafin shekarar 1908, maniyyacin da ya taso daga birnin Dimashƙa na ƙasar Sham yakan shafe kimanin kwana 40 a ayarin raƙuma kafin ya isa Madina, yana fama da ƙishirwa da annoba da 'yan tare hanya. Wannan wahala na cikin dalilan da suka sa Sarkin Daular Usmaniyya, Sultan Abdulhamid na Biyu, ya ba da umarnin shimfiɗa layin dogo zuwa Hijaz a shekarar 1900. Akwai kuma manufar siyasa: jirgin zai ba Istanbul damar tura dakaru cikin gaggawa zuwa yankin Larabawa, ya kuma ɗaga martabar Sultan a matsayin Halifa.

Yadda aka tara kuɗin aikin ya bambanta shi da sauran layukan dogon daular, waɗanda akasari kamfanonin Turai suka gina. An yi shelar neman gudummawa daga Musulmin duniya, kuma taimako ya zo har daga Indiya da Masar. Da gudummawar ta gaza, sai gwamnati ta riƙa yankar wani kaso daga albashin ma'aikata, ta fito da kan sarki na musamman, ta kuma tattara fatun layya ana sayarwa. Dubban sojoji ne suka yi leburanci, a ƙarƙashin injiniya Bajamushe mai suna Heinrich Meissner. Da aiki ya doshi Madina, inda ba a yarda wanda ba Musulmi ba ya shiga, injiniyoyi Musulmi ne suka ƙarasa shi.

Layin ya isa Ma'an a 1904, aka buɗe reshen da ya haɗa shi da tashar jiragen ruwa ta Haifa a 1905, ya ratsa Tabuka da Mada'in Salih, sannan aka yi bikin isarsa Madina a ranar 1 ga Satumba, 1908. Tsawonsa ya kai kimanin kilomita 1,300. Tafiyar kwana 40 ta koma ta kusan kwana biyar, kuma an kafa wurin killace matafiya a Tabuka domin daƙile cutar kwalara. Duk da haka, tafiyar ba ta rasa cikas ba: rairayi yakan binne dogo, ambaliya takan karya gadoji, ruwan da injin ke buƙata kuma yana wuyar samu a hamada.

Burin farko shi ne a kai dogon Makka, amma sauran kilomita 400 da 'yan kai suka gagara. Ƙabilun Larabawan ƙauye, waɗanda abincinsu ya dogara ga hayar raƙuma da kuɗin da ake biyansu don tsaron ayari, sun ga jirgin zai kashe musu kasuwa. Sharifin Makka, Husaini bin Ali, shi ma bai so abin da zai kawo sojojin Turkawa ƙofar gidansa ba. A 1909 aka tuɓe Sultan Abdulhamid, aikin ya rasa uban gida.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya karya layin. Bayan boren Larabawa na 1916, mayaƙan Sharif tare da hafsoshin Birtaniya, ciki har da T.E. Lawrence, sun yi ta tarwatsa dogo da gadoji da nakiya don katse wa dakarun Madina kayan agaji. Kwamandansu, Fahri Pasha, bai miƙa birnin ba sai a Janairun 1919. Da daular ta wargaje, sai layin ya rarrabu tsakanin sababbin ƙasashe, ɓangaren kudu kuma bai sake farfaɗowa ba.

A yau tsohuwar tashar Madina ta zama gidan tarihi. Makka da Madina kuwa ba su haɗu ta dogo ba sai a 2018, lokacin da Saudiyya ta buɗe layin Haramaini mai tsawon kilomita 450, shekara 110 bayan jirgin farko ya shiga Madina.