Kabewar takarda: wasan kaka da ke koya wa yara lissafi

A Amurka, da Oktoba ya kama, yara kan ninke kabewar takarda gabanin bikin Halloween na ranar 31 ga wata. Fasahar, origami, ta Japan ce.

Ana ninke takarda murabba'i mai launin lemo daga kusurwa zuwa kusurwa, a tattaro ta ta zama alwatika. A ɗago bakunanta sama, a cusa su cikin aljihunan da suka fito, sannan a hura iska ta ƴar kafar da ta rage. Da ta kumbura, a soka koriyar takarda a matsayin kara.

Tun ƙarni na 19 Bajamushe Friedrich Fröbel ya sanya ninke takarda cikin karatun ƙananan yara, domin yaro ya gane rabi da kwata da hannunsa kafin ya gan su a allo.