Shin Ko Kun San? Yadda Kamfanonin Tafiye-tafiye Na Garwa Suka Farfaɗo Bayan Korona

Shin ko kun san...

• Cewa idan mutumin Jambutu, a birnin Garwa, ya ce za shi "ajans", yana nufin kamfanin motocin safa irin su Touristique Express da Danay Express, masu jigila zuwa Marwa da Ngaundere, inda ake kama jirgin ƙasa zuwa Yawunde?

• Cewa an tabbatar da ɓullar korona a Kamaru ranar 6 ga Maris, 2020, kuma daga 18 ga watan aka rufe iyakoki, aka hana lodin fasinja fiye da kima? Kuɗin shiga ya ragu, kuɗin mai da albashin direba da yaran mota na nan daram.

• Cewa a lokacin, kafin ka kai ga mai yankan tikiti, sai ka tsaya gaban bokiti mai famfo ka wanke hannu da sabulu, ka ɗaura takunkumi?

• Cewa ranar 30 ga Afrilu, 2020, gwamnati ta ɗage dokar rage fasinja, ta kuma yafe wa masu sufuri wasu haraji na wata uku?

• Cewa a lokacin korona, wanda bai iya tafiya ba ya aika saƙo ta ajans? Kwali ne ɗaure da igiya, an rubuta suna da lambar waya a jikinsa, kuɗi kuma ya bi ta Orange Money ko MTN MoMo. Har yau jigilar saƙo ginshiƙi ce a wannan sana'a.

• Cewa masu shirya Hajji da Umara sun fi kowa ji a jika? A 2020 da 2021 Saudiyya ba ta karɓi alhazan waje ba. A 2022 aka buɗe ƙofa ga 'yan ƙasa da shekara 65, a 2023 kuma mahajjata suka haura miliyan 1.8.

• Cewa gasar cin kofin Afirka ta Janairun 2022 ta dawo wa Garwa da baƙi? A filin Roumdé Adjia Nijeriya ta ci Masar 1-0 ranar 11 ga Janairu, magoya baya suka yi ta kwararowa daga jihar Adamawa ta Nijeriya.

• Cewa duk duniya yawon buɗe ido tsakanin ƙasashe ya ragu da fiye da kashi 70 cikin 100 a 2020? Da ƙafar baƙi ta ɗauke, ɗan kasuwa, ɗalibi da mai zuwa biki ne suka riƙe ajans. Don haka fasinjan gida ya cancanci mota mai lafiya, tashi a kan lokaci, da riƙon amanar kayansa.