Ƙugiya, Koto Da Sunayen Da Ke Shirin Ɓacewa

A shekarar 2003 aka yi gwanjon wani ɗan kifin tagulla a Amurka, aka saye shi a kan dala 101,200. Wani maƙeri ne mai suna Riley Haskell, mutumin jihar Ohayo, ya ƙera shi, ya kuma yi masa rajista a 1859. Amfaninsa ɗaya ne: a ɗaura shi a bakin zaren fatsa a ja cikin ruwa, babban kifi ya zaci abinci ne ya kawo cafka, ƙugiya ta kama shi. Wato dai koton ƙarya ne. Haka ma a 1936 wani masunci a ƙasar Finlan, Lauri Rapala, ya sassaƙa nasa da wuƙa, ya lulluɓe shi da takarda mai ƙyalli, kuma kamfanin da ke ɗauke da sunansa ya zama gagarabadau a wannan sana'a. Turawa na tara irin waɗannan tsofaffin kayan, su adana su da kwalayensu da sunan wanda ya yi su.

Mai karatu zai ce, ina ruwan Bakano da wannan? Birnin Dabo ai ba garin Sarkawa ba ne. Haka ne, amma duk wanda ya tashi a cikin ganuwa ya san kududdufai, waɗanda asalinsu ramukan da aka haƙi ƙasar gini ne, damina ta cika su. A bakinsu yara da yawa suka koyi fatsa: sanda, zare, ɗan guntun kara mai yawo a kan ruwa, ƙugiya, sai tanar da aka tono da safe. Tarwaɗa ce yawanci abin da ake samu. Daga baya, da gwamnatin Audu Bako ta gina madatsar Tiga, aka kammala a 1974, sai su ya ƙara bunƙasa a ƙasar Kano.

Bahaushe bai shahara da sassaƙa kifin ƙarya ba. Hikimarsa ta bi wata hanya. Ya san koton da kowane kifi ke so, ko tana ko gara ko curin dusa. Ya saƙa mali, ya ɗana shi yadda kifi zai shiga ya kasa fita. Ya kuma yi amfani da mamari, doguwar igiya mai ƙugiyoyi jere kusa da juna, wadda ba ta ma bukatar koto, kifi na giftawa sai ta sarƙe shi a jiki. A ganina wannan bai gaza dabarar Haskell ba ko kaɗan. Bambancin kawai shi ne, nasa an rubuta sunansa, namu kuwa maƙerin da ya lanƙwasa ƙugiyar babu wanda ya tambayi sunansa.

A nan ne abin ya shafe ni a matsayina na malamin harshe. Kaya idan ya fita daga hannu, sunansa ba ya daɗewa a baki. Kowa na cewa “kifi na ganinka mai jar koma”, amma ɗalibai nawa ne za su iya bayanin yadda koma take, balle su bambance ta da homa, wadda masunta ke shiga ruwa da ita tare da gora a bikin Argungu? Ina birgi, ina kalli, ina taru? Bargery ya tattara ɗimbin kalmomin sana'o'i a ƙamusunsa na 1934, shekarar da aka fara bikin Argungu a sigarsa ta yanzu, Abraham ya biyo baya a 1949. Sai dai ƙamus ma'ana yake bayarwa a layi ɗaya ko biyu. Ba ya nuna faɗin idon raga, ko irin ƙullin da ke riƙe ƙugiya, ko dalilin da ya sa na wani gari ya saɓa da na wani. Zaren nailan da ƙugiyar kanti sun riga sun ci kasuwa, kuma ban ga laifin masunci ba, domin sun fi arha da ƙarko.

Shawarata mai sauƙi ce. Kasuwar Kurmi, wadda ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, ta daɗe da sanin baƙi masu neman kayan da, kuma Gidan Makama na nan kusa da fada. Sassan nazarin Hausa na jami'o'inmu su tura ɗalibai Wudil da Tiga, su zauna da Sarakunan Ruwa da tsofaffin maƙera, su sayi kowane kaya da kuɗinsa, kada a ce a ba su kyauta. A rubuta sunansa yadda mai shi ya furta, da garin da aka yi shi, da kifin da ake kamawa da shi, a ɗauki muryar dattijon yana bayani. Sannan a liƙa wa kowane ɗaya takarda mai ɗauke da sunan wanda ya ƙera ko ya saƙa shi.