Taurin ƙasa da bututun da ke rataye a ƙarƙashin ruwa

1. Gabatarwa

Bututun ɗanyen mai na Nijar ya taso daga Agadem, ya ratsa jahar Maraɗi, ya kai Seme a ƙasar Benin, tafiyar kusan kilometir 2000. Daga nan ya shiga teku har inda jiragen ruwa ke lodi tun shekarar 2024. Wannan takarda za ta duba matsala guda: wurin da ƙasa ta zaizaye a ƙarƙashin bututu, ta bar shi rataye.

2. Mafarin matsalar

In ruwa ya gitta bututun da ke rataye, yakan yi ƙananan guguwa a bayansa, sama da ƙasa bi da bi, suna kaɗa shi. Yawan kaɗawar a daƙiƙa shi ne kimanin 0,2 sau gudun ruwa, a raba da faɗin bututun. Misali: faɗi metir 0,5, gudu metir 0,5 a daƙiƙa, ke nan kaɗawa guda kowace daƙiƙa 5. Shi ma bututun yana da saurin rawarsa na kansa, kamar tsirkiyar molo. In biyun suka zo daidai, rawar takan tsananta, ƙarfen ya gaji, walda ta tsage.

3. Aikin ƙasa

Ƙasar da ke gefe biyu na ramin ita ce ke riƙe da bututun. Tun 1867 Winkler ya kwatanta ƙasa da jerin sifirin: taurinta shi ne nauyin da ake bukata kafin ta lotsa gwargwadon wani awo. Wanda ya taka jigawar unguwar Zariya, ya kuma taka lakar fadamar Jiratawa ko Tibiri da damina, ya san wannan bambanci.

A lissafi, sandar da aka ɗaure kawunanta tam tana da lamba 22,4. Wadda aka aza kawai tana da 9,87. Wato saurin rawar ta farko ya ninka na ta biyu fiye da sau biyu. Laka mai laushi ba ta riƙo sosai, don haka tsawon da ke rawa ya zarce wanda ido ke gani. In tsawon ya ninka sau biyu kuwa, saurin yakan ragu sau huɗu. Saboda haka ƙa'idar DNV-RP-F105 ta Norwe, wadda ta fito a 2002, ta sa taurin ƙasa cikin lissafin.

4. Kammalawa

Injiniyan da ya ɗauki laka a matsayin ƙasa mai tauri zai ce bututu lafiya lau yake, alhali yana dab da haɗari. Maganin shi ne a auna ƙasar wurin, a riƙa binciken ramukan, a cike su da duwatsu ko buhunan siminti. Wannan lissafi ya shafi duk bututun da ya ƙetare Gulbin Maraɗi, inda ambaliya ke kwashe rairayi da damina.