Matsalar Iyaka Tsakanin Sifa da Bayanau da Harafi a Nahawun Ingilishi

Akasarin littattafan nahawun Ingilishi da ake karantarwa a makarantu sun kasa kalmomi gida takwas, bisa tsarin da aka gada daga masana nahawun Girkanci da Latin. A cikin wannan tsari sifa ita ce kalmar da ke fayyace suna, bayanau yana fayyace aikatau ko sifa ko wani bayanau, harafi kuwa, wato irin su in da on da before, yana zuwa ne gaban suna domin ya danganta shi da sauran jimla. Abin da za a duba a wannan maƙala shi ne inda waɗannan ma'anoni suke gazawa, domin a nan ne malami yakan soke amsar ɗalibi alhali kuwa littafin ne da laifi.

A fara da ɗafa-ƙeyar -ly, wadda ake koya wa yara cewa ita ce shaidar bayanau. Gaskiya ne quick sifa ce, quickly kuma bayanau. To amma friendly da lovely da cowardly duk sifofi ne, fast da hard kuwa suna aikin bayanau ba tare da ɗafin ba. Dalilin yana cikin tarihin harshen. A Tsohon Ingilishi ana ƙera bayanau ne ta hanyar ɗafa wasalin -e a ƙarshen sifa, kamar heard ta koma hearde. Akwai kuma ɗafin -lic mai ƙera sifa, wanda asalinsa kalma ce mai ma'anar jiki ko kama. Idan aka ƙara masa wancan wasali sai ya zama -lice, wato bayanau. Da wasalin ƙarshe ya zube a zamanin Ingilishin Tsakiya, sai sifa da bayanau suka haɗu a siga ɗaya. Saboda haka hard a cikin He works hard gadon gida ce, ba kuskuren marasa ilmi ba. Ɗalibin da ya bi dokar littafi ya rubuta He hardly works ya juya maganar gaba ɗaya, don kuwa abin da ya faɗa shi ne da ƙyar mutumin yake taɓa aiki.

Haka kuma akwai sifofi irin su asleep da alive waɗanda ba sa zuwa gaban suna. Ana cewa The child is asleep, ba a cewa an asleep child. Asalinsu harafin on ne da suna suka narke suka zama kalma guda, kuma har yau suna zama ne a gurbin da yankin harafi yake zama.

Inda gardamar ta fi zafi shi ne tsakanin bayanau da harafi. A dubi waɗannan jimloli:

1. He went inside the house.
2. He went inside.
3. She left before the meeting.
4. She left before the meeting ended.
5. She had seen him before.

A tsarin gargajiya inside harafi ce a jimla ta 1, bayanau ce a ta 2. Ita kuwa before suna uku ta samu: harafi a ta 3, mahaɗi a ta 4, bayanau a ta 5. Amma ma'anar kalmar ba ta motsa ba ko kaɗan. Abin da ke biye da ita ne kawai ya sauya. Otto Jespersen, masanin nan na ƙasar Denmak, ya yi nuni da wannan tun a 1924 cikin littafinsa The Philosophy of Grammar. Hujjarsa ita ce aikatau yana iya zama so-karɓau a wata jimla, ƙi-karɓau a wata, kuma ba wanda ya taɓa cewa ya tashi daga aikatau don ya rasa karɓau. Me zai sa a yi wa harafi wani hukunci dabam? Randolph Quirk da abokan aikinsa, a babban nahawunsu na 1985, sun tsaya kusa da tsarin gargajiya. Rodney Huddleston da Geoffrey Pullum kuwa, a nasu na 2002, sun ɗauki inside da before a matsayin haruffa a dukkan jimlolin nan biyar.

Wannan ra'ayi na biyu ya fi ƙarfin hujja, domin ana iya gwada shi. Kalmar right tana ƙarfafa harafi a daidaitaccen Ingilishi: right inside the house, kuma right inside. Ba ta yin haka da bayanau na sosai, don ba a cewa right quickly. Haka nan ana cewa He is inside, ba a cewa He is quickly. Ashe inside marar karɓau ta fi kama da harafi fiye da yadda ta yi kama da quickly, wadda littafi ya zuba su kwando ɗaya.

Mai nazarin Hausa ba baƙo ba ne ga wannan al'amari. Haruffan Hausa na asali kaɗan ne, kamar a da da da daga da ga. Mafi yawan kalmomin da ke fassara haruffan Ingilishi sunaye ne, galibi na sassan jiki, da aka ɗafa wa -n na nasaba: ciki ya ba da cikin, baya ya ba da bayan, kai ya ba da kan, baki ya ba da bakin. Bahaushe yana cewa ya shiga cikin ɗaki, yana kuma cewa ya shiga ciki. Wato abin da Ingilishi ya ɓoye a jimla ta 1 da ta 2, Hausa ta bayyana shi a ƙirar kalma. Malaman nahawun Larabci, waɗanda daga gare su aka aro kalmar harafi, su ma ba su sa fauƙa da tahta da ƙabla cikin haruffa ba. Zarfi suka kira su, suka lissafa su cikin sunaye.

Saura batun barin harafi a ƙarshen jimla, kamar the knife he cut the meat with. John Dryden ya soki Ben Jonson a kan wannan a 1672, Robert Lowth kuma a nahawunsa na 1762 ya amince cewa harshen ya karkata ga yin haka, sai dai ya fifita gabatar da harafin a rubutu mai nauyi. Marubutan littattafan makaranta na baya ne suka mai da shawarar ta zama haramci. Hausa a nan ta rabu biyu. Harafi na asali ba ya tsayawa shi kaɗai, dole a dawo da wakilin suna: wuƙar da ya yanka nama da ita. Harafin nasaba kuwa yana yar da ɗafinsa ya tsaya: ɗakin da ya shiga ciki. Daga kashi na farko ne ɗalibai suke ɗauko the knife he cut the meat with it, kuma malamin da ya san haka zai fara gyaran ne daga jimlar Hausar da ke cikin zuciyar ɗalibin.